Takarda ta ce na samu sauƙi

Tun 1989 nake dillancin dabbobi a Oko-Oba, nan Agege, gefen abbatuwa. A saman tirelar shanu na shigo Ikko daga Mai'aduwa, da wando biyu da buta ɗaya. Duk wanda ya daɗe a sana'ar nan ya san abin da ke biyo baya in aka dandaƙe bunsuru: warin nan ya tafi, faɗa ya ƙare, ya daina bin awaki, ya samu wuri ya kwanta yana tara kitse. Taure ke nan, kuma ya fi tsada. Na sayar da su ba adadi, ko sau ɗaya ban taɓa tunanin yadda tauren yake ji a ransa ba.

Ni abin da fitsari ya faro mini. Sai in tashi sau biyar, sau shida a dare, in na tsuguna kuma ya yi ta zuwa kamar ana tatsa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɗigon da ke biyo baya: na gama alwala, na ɗaura niyya, sai in ji danshi a wando. Na ce sanyi ne. Na sha sassaƙe, na sha jiƙo, duk mai lasifikar da ya ratsa Zango yana tallar maganin basir da sanyin mara ya ci kuɗina. A Janairun 2023, lokacin wahalar sababbin kuɗi, wani dare fitsarin ya ɗauke ɗungurungum. Marata ta kumbura kamar an kifa ƙwarya. A Keke aka kai ni wani ƙaramin asibiti, aka sa mini roba, aka tsiyaye abin da ya kusa cika babbar gora, yarona kuma na bakin ƙofa yana fama da tiransifa ta ƙi tafiya.

Daga nan aka tura ni babban asibiti. Aka ɗebi jini don gwajin da ake kira PSA. An ce na mai lafiya yawanci ba ya wuce 4, nawa 74. Likita ya sa safar hannu ya duba ta dubura, wanda na tabbata shi kaɗai ke hana dattawanmu da yawa zuwa asibiti, alhali ko minti ɗaya ba a yi. Bayan mako biyu aka tsinko tsoka wuri 12 da allura, aka kai ɗakin gwaji, sannan aka yi hoton ƙashi. Sakamako ya fito: kansa ce, makinta 8 a ma'aunin tsananin cutar da ke tsayawa a 10, kuma ta taɓa ƙashin ƙugu a wuri ɗaya.

Mu muna cewa kansar mafitsara, amma ba mafitsarar ce ke ciwon ba. Wani ƙululu ne a ƙarƙashinta, bai fi ɗan goro ba, hanyar fitsari ta ratsa ta tsakiyarsa, maza kaɗai ke da shi. Furostet suke ce masa. Ita ce kansar da ta fi kama maza a Najeriya, kuma ta fi tsananta a kan baƙar fata.

Ina jin buroka, ina jin Yarabancin kasuwa, amma Turancin likita sai da tafinta. Ɗiyata ta biyu ce ta yi boko mai zurfi a gidan, ita ke raka ni. Likitan ya zana a takarda, ya ce wannan kansa abincinta sinadarin mazakuta ne, testosteron, wanda maraina ke samarwa. Tunda ta riga ta fita daga gidanta, yanka ba zai kwashe ta ba, dabara ita ce a yanke mata abinci. Hanya biyu ce: ko a yi aiki a cire 'ya'yan maraina, ko a riƙa yin allurar da za ta sa su daina aiki. Yarinyar nan ta fara fassarawa tana in'ina, idonta a ƙasa. Na ce, “Bar shi haka, na gane. Dandaƙa ce.”

Daga baya ta karanta mini a waya cewa wani likita a Chicago ta Amurka, Charles Huggins, shi ya gano wannan hanya a 1941, har aka ba shi kyautar Nobel a 1966, kuma a jikin karnuka ya fara lura da abin. Na ce da ya zo kara ya tambaye mu, da mun rage masa wahala.

Na zaɓi allura. Aka fara ba ni wata ƙwaya, bicalutamide, in sha kullum kusan wata guda, don ita allurar da farko takan tunzura sinadarin ya ƙaru kafin ya faɗi. A watan Afrilu, cikin azumi, aka yi mini ta farko, bayan na tambayi malam ya ce allurar da ba ta abinci ba ce ba ta karya azumi. Zoladex ce, ta wata uku. Ba ruwa ne a ciki ba, wani ɗan abu ne kamar ƙwayar shinkafa ake tura shi ƙarƙashin fata, ƙasa da cibiya, ya yi ta narkewa a hankali har mako 12. Bakin allurar kauri gare shi kamar basilla. Nas ɗin, wata dattijuwa Bayarabiya, ta ce, “Baba, kalli bango.” Na kalli bango. Kafin in kai ƙarshen Fatiha ta manna filasta.

Cikin 'yan makonni aka cire roba, fitsari ya saki, ciwon ƙugu ya lafa. Na yi sadaka da tunkiya.

Sai zafi ya fara. Ina zaune ƙalau sai in ji kamar an buɗe murhu a ƙirjina, ya hau wuya, ya hau fuska, gumi ya karyo sharkaf, bayan minti biyu ko uku kuma sanyi ya kama ni. Da dare sai in sauya riga sau biyu. Hajiya ce ta fara gane shi. Ta ce, “Alhaji, ai wannan irin namu ne, irin wanda na yi lokacin da al'ada ta ɗauke mini.” Ta fara dariya, da ta kalli fuskata ta haɗiye abarta. Tumbi ya fito, hannuwa suka saki, ƙirjina ya ɗan tasa har yana zafi in riga ta goga. Sha'awa kuwa ta tafi gaba ɗaya, ba ma ƙarfin kaɗai ba, har tunanin abin. Sai bayan wata tara na san likita ya faɗi wannan tun ranar farko. Yarinyar ce ta kasa maimaita shi a gaban ubanta, ta ce mini, “Ya ce za ka riƙa jin kasala.” Ban ga laifinta ba. Ni ma da ni ne ita, abin da zan ce ke nan.

Waɗannan duk na jiki ne, ana iya nuna su da yatsa. Ɗayan abin ban san ranar da ya shigo ba.

Na dai tuna jajibirin Babbar Sallar shekarar, ƙarshen watan Yuni. Duk ɗan kara ya san abincin shekara a kwana goman nan yake. Tireloli na sauke kaya daga Maigatari da Potiskum, ƙura, kukan raguna, masu saye na ta “Alaaji, elo ni?”, wato nawa ne da Yarabanci. A da a irin wannan rana muryata dishewa take yi. Akwai wani Balami fari da na yi wata huɗu ina ba shi dusa da harawa. Wani mutum ya zo ya shafa bayansa, ya ɗaga leɓe ya duba haƙora, ya yi tayin da ko kuɗin sayensa bai kai ba, irin tayin buɗe baki da kowa ya san ba a sallamawa. Abin da kawai zan ce shi ne albarka. Sai na ji kalmar ta yi mini nauyi, na hango jayayyar da za ta biyo baya, ƙara kaza, rage kaza, na ji ba zan iya ba. Na ce, “Na sallama.” Shi kansa mai sayen sai da ya tsaya yana kallona ko wasa nake. Babban yarona ya riƙe igiyar ya ce, “Baba?” Na ce ya ba shi.

Daga nan abin ya yi ta zurfi. Waya na ƙara, in ga sunan falken da muka yi shekara ashirin muna hulɗa, in zuba mata ido har ta katse. Tuwo ya huce a gabana. Na daina zama majalisa bayan isha, don in aka yi raha sai in ji kamar da wani yare ake magana. Ƙarfe uku na dare idona biyu, ina lissafin abin da ya wuce shekara talatin: bashin da na biya a makare, maganar da na faɗa wa mahaifina ina yaro. Ranar sunan jikata, ana ta barka, aka miƙo mini jaririya, na karɓa ban ji komai ba. Na shiga banɗaki na sakar wa bokiti famfo don kar a ji, na yi kukan da ban yi ba ko ranar da aka binne mahaifiyata. Ban kuma san abin da nake wa kukan ba.

Abin da ya fi tsorata ni salla ce. Ina yin ta, ban taɓa bari ba, amma sai ka ce tauna ƙaiƙayi. In manta raka'a ta nawa nake. Sai na yanke wa kaina hukunci: Allah ya jarrabe ni da cuta, na faɗi jarrabawa, ba ni da tawakkali. Wane ne zai je ya faɗa wa mutane haka? An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, sai na haɗiye.

Na koma kwana a falo, na ce zafi ne. Hajiya ta sauya turare, ta yi lalle, ta yi girkin da na fi so. Wani dare ta zo ta durƙusa kusa da tabarmata ta ce, “Alhaji, in na yi maka wani laifi ne ka faɗa mini. In kuma aure za ka ƙara, ka ƙara, ni dai ka daina yi mini shiru.” Na ce, “Babu komai.” Na juya wa matar da muka yi shekara talatin da ɗaya baya. 'Yan'uwa suka ce sammu ne na kasuwa, aka kawo mai ruƙiyya, na sha rubutu, na sha zuma da habbatus-sauda. A ɓoye kuma na sayi maganin ƙarfin maza a wurin mai lasifika, ya sa mini bugun zuciya da ciwon kai, bai yi komai ba.

A asibiti kuwa murna ake. Ka fito daga Agege da asuba, ka sha cunkoso, ka ajiye kati, ka zauna a benci cikin maza sama da hamsin, kowa da fayil a cinya, a kira ka wajen azahar. Likita na da minti biyar. Ya duba takarda: PSA ya sauko daga 74 zuwa 6, daga 6 zuwa 0.9. Ya yi murmushi ya ce abin ya yi kyau ƙwarai. Ya ce yaya jiki, in ce alhamdulillahi. Ba ƙarya na yi ba, jikin ya tambaya. Ɗiyata ta kira gida tana shelar sakamako, ni kuma ina tsaye a gefenta ina jin kamar na wani ake karantawa.

Allurar Disamba na ƙi zuwa. Tun da darajar naira ta faɗi a tsakiyar 2023 kuɗinta ke hawa, don daga waje ake shigo da ita. Da farko kuɗin matsakaicin rago ne, a lokacin ta kai na babba. Na ce a bar kuɗin, a biya wa yara makaranta. Gaskiyar magana ba tattali nake ba. Gani nake ban kai darajar rago ba.

A Janairu Hajiya ta sa mayafi ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ba za ta zauna ba sai na tashi. A ranar muka dace da wani matashin likita, Bayarabe amma haihuwar Sabon Garin Kano, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Ya duba kati ya ga na tsallake wata guda. Ya kalle ni, ya kalli yarinyar, ya aike ta ta karɓo wata takarda a can wani gini. Da ta fita ya jawo kujera ya ce, “Baba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Me ya hana ka zuwa?”

Na ce kuɗi. Ya ce to. Sai ya ɗauko wata takarda mai tambaya 9, duk a kan mako biyun da suka wuce, yana karantawa yana mayarwa Hausa. Abin da a da kake jin daɗinsa, yanzu fa? Barci? Abinci? Kana ganin kanka kamar ka gaza, ko ka kunyata iyalinka? Kowace in faɗa masa ko kwana kaɗan ne, ko fiye da rabin kwanakin, ko kusan kullum. Ina amsawa ina mamakin wanda ya ba su labarina. Ta ƙarshe ya sassauta murya ya ce ko nakan ji gara a ce na mutu. Na ce, “Likita, ni Musulmi ne, kashe kai haramun ne.” Ya ce, “Na sani, Baba. Ba ita na tambaye ka ba.” Na daɗe ina kallon takalmina, sannan na ce kullum in zan kwanta sai na roƙi Allah kar in farka.

Ya haɗa maki, 17 cikin 27. Ya ce wannan ciwon damuwa ne. Na ce wa ya rasa damuwa a Legas? Ya ce ba irin ta kuɗin haya ba, wannan cuta ce mai suna da magani, kuma sananniya ce ga masu wannan allura. Sinadarin da aka ɗauke ba a mara kaɗai yake aiki ba, har ƙwaƙwalwa na amfani da shi. Ga rashin barci saboda gumi, ga sanin kana ɗauke da kansa, ga abin da ya faru tsakaninka da iyali. Ya ce a Amurka an bi bayanan maza fiye da 78,000 masu wannan kansa, aka fitar da sakamakon a 2016, aka ga waɗanda aka yi wa irin wannan magani sun fi sauran haɗarin kamuwa da ciwon damuwa da kashi 23 cikin 100, kuma haɗarin na ƙaruwa da daɗewa a kan maganin. Ba lissafin ne ya shige ni ba. Abin da na ji shi ne ashe ba imanina ne ya ruɓe ba.

Har yau ina jin haushin abu ɗaya. An gaya mini allurar na rage ƙarfin ƙashi, an ce in riƙa auna sukari da hawan jini, amma wata tara ba wanda ya ce, Baba, in ka ji duniya ta fita daga ranka ka dawo ka faɗa. Magana ce ta numfashi ɗaya.

Da ya ce zai tura ni wurin likitan ƙwaƙwalwa sai na miƙe. A Legas in aka ce an kai mutum Yaba, kowa ya san nufi, kamar yadda ake cewa Dawanau a Kano. Ya ce sashe ne a cikin asibitin nan, kuma yawancin masu zuwa da ƙafarsu suke zuwa su koma wurin aikinsu. Ranar da na je sau biyu ina wuce ƙofar kamar mai neman wani wuri, ina dube-dube ko akwai ɗan Agege. Da na shiga, mutanen da ke benci ba su da maraba da na bencinmu.

Aka rubuta mini sertraline, ƙwaya ɗaya da safe. Na ji tsoro, don na ga yadda tiramol da kodin suka mayar da yaran abbatuwa. Likitar ta ce wannan ba ta bugarwa, ba ta kuma aiki nan take, sai an yi mako huɗu zuwa shida, kuma kar in yanke ta rana ɗaya ba da saninsu ba. Ta hana ni maganin ƙarfin maza na kan titi, don ba wanda ya san abin da aka zuba a ciki. Makon farko tashin zuciya kawai na samu, na ce an sake cin kuɗina. Aka ce in riƙa tafiyar ƙafa ta rabin awa kullum, in kuma ɗan ɗaga nauyi don tsoka da ƙashi. Sai na riƙa fita bayan sallar asuba har gindin gadar Pen Cinema in dawo, lokacin masu burodi na fito da kaya, a gida kuma in ɗaga jarkar ruwa, jikoki na yi mini dariya.

Zama na uku likitar ta ce in zo da Hajiya. A gabanta aka yi mata bayanin abin da allurar ke yi wa namiji, dalla-dalla, ta bakin wata nas Bahaushiya. Hajiya ba ta ce uffan ba sai da muka shiga mota. Ta ce, “Yanzu saboda wannan ka bar ni wata bakwai ina zargin kaina? Alhaji, jikokinmu tara. Me kake tsammani nake nema a wurinka?” A daren na naɗe tabarmar falo.

Liman ma na same shi, bayan la'asar, mutane sun watse. Na zaci wa'azin haƙuri zai yi mini. Sai ya ce Annabi Yakubu ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, kuma akwai shekarar da ake kira shekarar baƙin ciki a rayuwar Manzon Allah, wadda ya rasa Nana Khadija da baffansa Abu Ɗalib. Ya ce, “Alhaji, ka fi su imani ne? Sha maganinka.”

Sauƙin bai zo da ganga ba. Barci ne ya fara gyaruwa, sai wata rana na ce a ƙaro miya. Amma ranar da na tabbatar ita ce ana saura kwana uku Babbar Sallar 2024. Wani mutum da babbar mota ya taya wani Uda nawa tayin raini, har yana cewa ragon ya rame. Sai na ji wani abu ya taso mini a ƙirji, na ɗauka zafin nan ne, ashe haushi ne. Na ce, “Albarka! Ramewa? Kama nan ka ji.” Na cafko hannunsa na ɗora a gadon bayan ragon. Muka yi kusan rabin awa, ya tafi, ya dawo, na sa shi ya ƙara sau huɗu. Da na waiwaya na ga babban yarona ya juya baya yana gyara turken da ba abin da ya same shi.

Ba duka ne ya dawo ba. Gumin na nan, tumbin na nan, abin da ya tafi tsakanina da Hajiya bai dawo ba, kuma an gaya mini muddin ina kan allurar ba lallai ya dawo ba. Akwai ranakun da nauyin ke leƙowa, sai dai yanzu na san sallamarsa, in na ji ta kwana uku a jere nakan faɗa. Duk zuwa asibiti kuma, in aka gama duba PSA aka ce yaya jiki, sai in ce jiki da sauƙi, saura ka tambayi zuciya.

Yanzu maganar da ke gabanmu ta aikin nan ce da na guje wa tun farko. Likita ya ce amfaninsa ɗaya da allurar, sau ɗaya ake yi, ba sauran sayen magani duk wata uku, sai dai ba a dawo da abin da aka cire, kuma ba ya raba mutum da gumin ko damuwar, tunda sinadarin ne dai ba shi. Wani direban tanka daga Gusau da muke haɗuwa a benci ya yi, ya ce kwana biyu ya tashi. Yaran sun ce in yi. Ni na san lissafin ya fi, shekara talatin da biyar ina wannan lissafin a kan dabbobin mutane, amma bakina bai iya cewa na sallama ba tukuna. Allura ta gaba ranar Talatar farkon wata ce, kuma Hajiya ta riga ta nuna ragon da za a sayar, wani ɗan ƙasa fari mai baƙin kunne.